Ruwan lagireto ya koma ja kamar tsatsa, zan iya canza shi da kaina a gida?

"Salamu alaikum oga. Ina da Corolla 2006 'yar tokumbo, shekara uku kenan tana hannuna, kuma tunda na saye ta fiya wata ko ruwan bohol nake ƙara mata. Yanzu in na buɗe lagireto sai in ga ruwan ya yi ja kamar shayi, sannan in na shiga go-sulo da esi a kunne allura tana ɗagawa. Wani ya ce in zubar da ruwan in wanke da omo in cire tamosta shikenan. Dan Allah zan iya yin aikin nan da kaina a gida? Kuma me ya kamata in zuba?"

Wa alaikumus salam Malam. Eh zaka iya, aikin safiya ɗaya ne in ka nutsu, ni kaina yaran da ke koyon aiki a wajena yana cikin abubuwan farko da nake sakar musu. Amma tambayarka biyu ce a haɗe, akwai ruwan da ya lalace, akwai kuma allurar zafin inji da ke ɗagawa a go-sulo, kuma ba lallai ne canza ruwa ya warkar da na biyun ba. Shawarar omo da cire tamosta kuwa dan Allah ka ajiye ta gefe, zan faɗa maka dalili.

Abin da ke faruwa a cikin injin

Wata famfo (water pump), wato famfon ruwan inji, ita ce ke tura ruwa ya zagaya jikin inji ya kwaso zafi, ya fito ta tiyon sama ya shiga lagireto, ya sauko ta waɗannan siraran bututan iska tana bugunsa, ya koma ta tiyon ƙasa. Tamosta ƙofa ce a kan hanyar, tana rufe in inji da sanyi, a Toyota irin taka takan fara buɗewa wajen digiri 82. Murfin lagireto kuma ba murfi ne kawai ba, ka duba samansa zaka ga an rubuta 0.9 ko 1.1, wannan ƙarfin matsin da yake riƙewa ne. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100, a wuri mai tudu irin Jos ma wajen 96 ya tafasa, amma in aka matse shi a ƙarƙashin murfin nan sai ya kai wajen 120 bai tafasa ba. Shi ya sa murfin da robarsa ta tsage shi kaɗai ya isa ya sa mota ta dinga amayar da ruwa, mutum ya yi ta canza manyan kaya alhali ƙaramin abu ne.

To sai maganar kulan, wato ruwan lagireto na musamman mai kala da ake sayarwa. Mutanenmu da yawa suna cewa ai na ƙasar Turawa ne don kar ruwa ya daskare, mu nan ina ruwanmu da ƙanƙara. Gaskiya ne haɗin kulan da ruwa rabi da rabi yana hana daskarewa har sanyin digiri 37 ƙasa da sifili, kuma wannan ba matsalarmu bace. Abin da ya shafe mu shi ne maganin tsatsa da ke cikinsa, da santsin da yake ba sil ɗin wata famfo, da ƙarin da yake yi wa lokacin tafasa. Kuma bari in faɗi wani abu da masu sayarwa ba sa faɗa, ruwa zalla ya fi kulan kwasar zafi. Saboda haka wanda motarsa ke obahitin ya je ya sayo kulan yana zaton magani ne, bazai ga canji ba. Aikin kulan shi ne ya tsare cikin injin da lagireto kar su ruɓe, ta yadda shekara biyar nan gaba ruwa zai ci gaba da wucewa kamar yau.

Ruwan bohol da na rijiya kuwa, ka leƙa cikin butar da ake dafa shayi kullum a gidanku, wannan farin abin da ya daskare a gindinta, to irinsa ne ke taruwa a cikin lagiretonka. Bambancin kawai bututan lagireto sirara ne ƙwarai, ko tsinken tsintsiya da ƙyar yake shiga. Fiya wata ma yawanci ruwan bohol ne aka tace don sha, gishirin ƙasa yana nan a ciki. Na taɓa buɗe tankin saman lagireton wata Camry da mai ita ya shekara shida yana zuba mata ruwan rijiya, bakin bututan ya toshe da wani abu ja-ja kamar busasshen kunu, na sa farce na ɓantaro shi yana fitowa ɓawo-ɓawo, da muka zuba ruwa ta sama ko rabin layukan ba sa ɗiga. Wallahi abin ya dame ni, don mutumin yana kula da motarsa, baƙin mai baya wuce lokaci, kawai ba wanda ya taɓa gaya masa. Jan da kake gani a taka tsatsa ce daga bututan ƙarfe da fukafukin wata famfo, injin Corolla ɗinka alminiyon ne, shi baya yin ja, cinyewa yake yi a hankali ya yi ramuka.

Kafin ka kwance komai

Da safe inji a sanyaye ka buɗe murfi ka kalli ruwan da kyau. In ja ne kawai mai dauɗa, to ci gaba. In kuwa kaga maiƙo yana yawo a sama, ko ya yi kauri kamar madarar da aka dama da shayi, ko ka buɗe murfin baƙin mai kaga farin abu kamar kindirmo a maƙale a ƙasansa, to dakata, wannan ba aikin gida bane. Ko dai gasket ɗin kan inji ya ƙone, ko kuma, in motar otomatik ce, bututun sanyaya man giya da ke cikin tankin ƙasan lagireto ya fashe yana haɗa mai da ruwa. Haka in ka tada ta murfi a buɗe kaga kumfa tana ta tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko farin hayaƙi mai yawa a salansa bayan inji ya yi zafi. Duk ruwan da ka zuba a irin wannan asara ce.

Sannan allurar nan. Yadda ka siffanta, tana hawa a go-sulo, nafi zargin fanka ko ƙura. Ka tada mota ka kunna esi ka leƙa, fanka ya kamata ta tashi, in bata tashi ba, a duba fiyus da rile da motar fankar. Ka kuma haska tocila tsakanin kwandensan esi da lagireto, bayan hunturu wurin nan cika yake da ƙura da ganye da leda, musamman in kana bin hanyar da ba kwalta. A wanke da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba, kar a bari mai wankin mota ya kafa masa bakin injin feshi kusa, yana lanƙwashe fikafikan. Motar da allurarta ke hawa a kan babban titi in ka taka ta, ta sauka in ka rage gudu, ita ce aka fi zargin toshewar lagireto ko tamosta ko wata famfo.

Zubar da tsohon ruwan

Kayan aiki ba su da yawa, filaya, sukudireba, mazurari, roba mai faɗi da zata ɗauki lita 8, tsumma, jarka mai murfi, sai ruwan da aka tace da tururi lita 15 zuwa 20 da kulan ɗinka. Tataccen ruwan nan shi ne wanda ake ƙara wa batir, kuma a nan ka buɗe kunne da kyau, ruwan batir iri biyu ne a shago, akwai tsurar ruwa akwai mai asid. Ka faɗa wa mai shago ƙarara marar asid kake so, ka karanta jikin robar.

Mota ta kwana, ko aƙalla ka iya riƙe tiyon sama da hannu ba ka ji zafi ba. Ina maimaita wannan ga kowa saboda na gani da idona, wani yaro a garejin maƙwabtanmu ya buɗe murfi mota na shigowa daga tafiya, ruwan ya yi tsiri ya watso masa daga wuyan hannu har gwiwar hannu, fatar ta saɓule kamar an fere dankali, har yau tabon na nan. Ruwan da ke ciki yana iya wuce digiri 100, murfin ne kawai ya danne shi, kana sassautawa ya zama tururi.

Ka ajiye ta a shimfiɗaɗɗen wuri ka ja birkin hannu, ka cire murfin, ka tura robar ƙarƙashi. A ƙasan lagireto ta ɓangaren inji akwai ɗan makunni na roba mai kunnuwa biyu, da hannu ake murɗa shi, ka sassauta kawai ba sai ka cire duka ba. In ya ƙi, kar ka tilasta masa da filaya, roba ce da ta sha zafi shekara kusan ashirin, tana karyewa ta bar rabi a ciki. Gara ka matse kilif ɗin tiyon ƙasa ka ja shi baya, ka murɗa tiyon a hankali ya saki, ruwan zai zubo gaba ɗaya saboda haka ka kauda fuska. In motar otomatik ce, ƙananan bututai biyu da zaka gani a tankin ƙasa na man giya ne, kar ka taɓa su. Ka ciro robar ajiya ta gefe ita ma, ka zuba mata ruwa da 'yar tsakuwa ka girgiza har ta yi haske, ka ɗauraye sosai.

Yanzu ga abin da yawanci ba a sani ba. Corolla irin taka tana ɗaukar wajen lita 6 da rabi, amma in ka auna abin da ya zubo zaka ga bai kai ba, sauran yana cikin jikin inji da hita. Akwai wani makunnin a jikin injin ta baya, in hannunka ya kai ka buɗe shi ma, in bai kai ba ba komai, sai dai ka yi wankin da haƙuri. Ka rufe makunni, ka cika da tataccen ruwan, ka murɗa hita zuwa zafi, ka tada ta har ta yi zafi sosai tiyo biyun su ɗauka, ka kashe ka jira ta huce, ka zubar. Na farko zai fito ja, na biyu kamar ruwan tsamiya, haka dai har ya fito fari, yawanci sau uku ko huɗu. Jiran hucewar ne ke cin lokaci, kuma kar ka gajarta shi ka zuba ruwan sanyi a inji mai zafi, kan silinda na alminiyon yana iya bauɗewa.

Omo kuwa kumfa yake yi wadda bata fita da sauƙi, kumfa kuma iska ce, sannan sinadarin cikinsa yana cin alminiyon. Akwai maganin wankin lagireto da ake sayarwa a kwalba, yana aiki in dauɗar bata yi nisa ba, a bi abin da aka rubuta a jiki kuma a ɗauraye shi tas. Sai dai ka shirya, a tsohon lagireto wani lokaci dauɗar ce ta toshe ƙananan huji, ana wankewa yoyo ya bayyana. Ba maganin ne ya ɓata shi ba, dama ya mutu. Masu zuba ɗanyen ƙwai ko garin taba don tsayar da yoyo suna toshe hujin tare da bututan da ke da lafiya.

Abin da ya zubo ka juye a jarka ka rufe. In akwai tsohon kulan a ciki guba ne, kuma zaƙi gare shi, akuya da kyanwa suna lasa, yaro ma zai iya kurɓa in ya gan shi da kala a robar lemo, ƙoda yake kashewa. Kar a zuba a tsakar gida ko kwata ko kusa da rijiya, kuma kar a taɓa ajiye shi a robar abin sha. In har wani ya sha, asibiti nan take ko da ya ce lafiyarsa lau.

Me zaka zuba

Na Toyota mai ruwan hoda, Super Long Life, a haɗe yake zuwa rabi da rabi ba a ƙara masa ruwa, kamfanin ya ce na farkon da ya fito da mota yana kai kilomita 160,000 ko shekara 10, bayan nan duk kilomita 80,000 ko shekara 5. Akwai kuma ja na Toyota wanda tsura ne sai an sirka, shi bai kai wancan daɗewa ba, wajen shekara 2. Na Honda shuɗi ne, na Volkswagen ana kiransu G11, G12, G13. Amma kala rini ce kawai, kar ka saya da kala, ka karanta jiki ka ga an ce ya dace da motarka, ka ga tsura ne ko haɗaɗɗe. Kasuwa akwai jabu sosai, ruwa ne da rini, alamarsa arha fiye da kima da kuma tsinkewa, na gaske in ka murza a yatsa zaka ji ɗan santsi. Ka sayi galan mai hatimi a wajen wanda ka yarda da shi. Kuma kar a gauraya iri biyu, wasu in sun haɗu maganin tsatsarsu yana raunana, wasu har su yi laka.

Ga lissafin da nake yi. Bayan wanki akwai ruwa zalla lita 2 zuwa 3 da ya rage a ciki, in ka zuba haɗaɗɗe a kansa ya sirku ya koma wajen kashi 30 cikin 100. Da tsura ya fi sauƙi, ka fara zuba lita 3 da 'yan kai, wato rabin abin da motar ke ɗauka, ka cike da tataccen ruwa, shikenan ka samu rabi da rabi. In haɗaɗɗe ne a hannunka to sai ka buɗe makunnin jikin injin ya tsiyaye tukuna. A zafin ƙasarmu kashi 40 zuwa 50 ya yi, kar ya gaza kashi ɗaya cikin uku, kar kuma ka ce bari in zuba tsura zalla don ya fi ƙarfi, wannan zafi zai ƙara mata.

Fitar da iska

Nan ne aikin yake, kuma nan ne masu yi a gida suka fi faɗuwa. Mutum ya zuba ya ga ya cika har baki ya rufe ya hau titi, ashe iska ta maƙale a kan silinda, wurin da ba ruwa kuwa zafi yake yi shi kaɗai, wani lokacin ma allura bata nuna gaskiya don sensar da ke auna zafi tana cikin iska ne. Bayan kwana biyu gasket ya tafi, a ce ai kulan ne ya kashe motar.

Ka sa gaban motar ya ɗan fi bayanta tudu in da hali. Ka zuba a hankali da mazurari, siriri kamar mai zuba manja, kana matsa tiyon sama da na ƙasa da hannu zaka ji yana ɓul-ɓul. Ya cika, ka zuba a robar ajiya zuwa layin FULL. Ka tada ta murfi a buɗe, hita a kan zafi, esi a kashe, ka tsaya a kai. Minti goma zuwa ashirin ba abin da zai faru sosai, sai can kaga ruwan ya faɗa ƙasa lokaci ɗaya ya fara gudu, tamosta ta buɗe kenan, ka ƙara. Ka ɗan taka totur kaɗan ka saki, kumfa zata fito, ka ƙara. Ido ɗaya na kan allura, hannu da hannun riga nesa da fanka don tashi take ba sallama. In fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, kumfa ta daina, hita na busa iska mai zafi, ka rufe murfi ka kashe. In ruwan ya fara kumburowa zai yi ambaliya kafin nan, kashe ta ka jira ta huce ka sake. Motoci irin Peugeot 406 da BMW suna da 'yan sukurori na fitar da iska da dole a buɗe, Corolla bata da wannan wahalar.

Maganar tamosta. Na san gareji da yawa ana cire ta ne tun ranar da mota ta iso, har a haɗa fanka kai tsaye. In aka cire, inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, musamman safiyar hunturu, kwamfutar mota ta ci gaba da ba shi fetur da yawa tana zaton har yanzu sanyi ne, mai ya ƙaru, fulogi ya yi baƙi, inji ya ci kansa. A injina da dama kuma gindin tamostar ne ke rufe wata gajeriyar hanya, in babu ita wani ruwan zafin zagayawa yake ya koma ba tare da ya bi lagireto ba. In kana zarginta ka jefa ta a tukunyar ruwa a kan wuta, kafin ya tafasa ya kamata kaga ta buɗe baki, in bata buɗe ba ka sa sabuwa da sabuwar roba, ɗan ƙaramin fil ɗin jikinta ya kalli sama.

Tunda bonet a buɗe yake ka matsa tiyo ka ji, wanda ya yi laushi kamar burodi ko ya kumbura kusa da kilif ko yake ƙaras-ƙaras a canza shi yanzu kafin sabon kulan ya shiga. Ka duba bel ko ya tsattsage, ka leƙa ƙasan wata famfo ko akwai busasshen farin ɗigo, ka sayi sabon murfi mai lamba irin ta tsohon.

Ban ga motar ba Malam, kuma shekara uku na ruwan bohol ba kaɗan bane, zai iya yiwuwa lagireton ya toshe yadda wankin gida bazai buɗe shi ba. Masu gyaran lagireto suna buɗe tanki su zura ƙarfe a kowane layi, yana yi, amma tankin roba in aka buɗe shi aka mayar sau da yawa yoyo yake farawa, ni in ya kai haka sabo nake ba mutum shawara. Washegari da safe kafin ka tada ta ka buɗe murfi, zaka ga ya ɗan sauka, ka cike da irin haɗin da ka zuba, ka duba robar ajiya. Ka yi haka kwana uku a jere, ka kuma shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da dare ka ga ko zai jiƙe. In bayan sati yana ta raguwa kuma kwalin a bushe, ko allura ta ci gaba da wuce rabi alhali fanka na aiki, ka kai ta gareji a sa mata famfon gwajin matsi a kuma gwada ko hayaƙi na shiga ruwa, kafin zafin Afrilu ya shigo. Allah ya tsare hanya.